Wa zai leƙa bakin yaranmu? Magana a kan mataimakan likitocin haƙori

Duk wanda ya taɓa zama kan kujerar likitan haƙori a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san akwai mutum na biyu a ɗakin. Shi ke jera kayan aiki a kan faranti, ya riƙe ƴar tiyon da ke zuƙe miyau, ya kwaɓa abin da ake cike ramin haƙori da shi, ya lallashi yaron da ke kuka. In likita ya rubuta ordonas da Faransanci ya juya ga wani maras lafiya, shi ke tsayawa ya yi wa tsohuwa bayani da Hausa ko Zabarmanci yadda za ta sha maganin. Asistan ake ce masa, wato mataimakin likitan haƙori, kuma da yawa daga cikinsu mata ne. Ba kasafai muke tambayar sunansu ba.

Ra'ayinmu a yau shi ne, ƙasa irin tamu ba ta da halin barin ilimin waɗannan mutane a kulle cikin ɗaki ɗaya a birni. Ya kamata a fito da su zuwa lakol, zuwa wurin awon yara, zuwa makarantun allo da fadojin samari, su duba baki, su kuma koya wa wasu yadda ake dubawa. Amma a yi shi da tsari da iyaka, don aikin sa-kai maras tsari wani lokaci ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Mu fara da lissafi. Mun haura mutum miliyan 25 a Nijar, kusan rabinmu yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Likitocin haƙori kuwa ƴan kaɗan ne, yawancinsu suna Yamai da manyan biranen jahohi. Kafin a samu sabon likita ɗaya sai an yi shekara shida ko fiye bayan bak. To mutumin da ke wani ƙauye bayan Dakoro, ko Tanut, ko Abalak, in haƙori ya hana shi barci yau da dare, wa zai gani? Mun san amsar. Zai tura yaro wajen mai tallar magani, ko ya jira ranar kasuwa ya zauna gaban mai awartaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa kusan mutum biliyan 3.5 a duniya suna fama da wata cutar baki ko haƙori. Ba mu kaɗai ba ne ke nan. Abin da ya bambanta mu shi ne nisan da ke tsakanin mai ciwo da mai magani.

Wani zai ce, ana ta yunwa da masassarar cizon sauro, ku kuna ta haƙori? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na nan a cikin wata cuta da mutanen Damagaram da Tawa suka sani. Likitoci na ce mata noma, ba noman gona ba, mu kuma a Hausa muna ce mata ciwon iska. Yara ƴan shekara 2 zuwa 6 ta fi kamawa, musamman waɗanda tamowa ta raunana, ko suka tashi daga ƙyanda ko masassara mai tsanani. Daga dasashi take farawa. Ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi, bakin yaro ya yi wari mai ƙarfi, miyau ya riƙa dalala, yaron ya ƙi cin abinci. Daga nan kunci ya kumbura, sai wani baƙin tabo ya fito, cikin ƴan kwanaki naman ya ruɓe ya zube, ya bar rami a fuska. A ƙiyasin OMS na 1998, yara 140,000 ne ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Waɗanda suka rayu, wasu muƙamuƙinsu ya ƙage ba sa iya buɗe baki, wasu an ɓoye su cikin gida saboda kunya.

Abin da ke ƙona rai shi ne, a matakin farko maganinta ba shi da wuya. Antibiyotik da ake samu a CSI, wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da ita. Ba iska ba ce, ba maita ba ce, kuma yaro ba ya shafa wa ɗan'uwansa. In an makara kuwa, sai tiyata bayan tiyata. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun 1992. A tsallaken iyaka, Sakkwato na da asibiti na musamman don wannan cuta tun 1999. Ranar 15 ga Disamba 2023 OMS ta saka noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci shigarwa. Duk wannan ci gaba ne. Amma takardar da aka sa wa hannu a Janiba ba za ta ɗaga leɓen yaro a Kance ko Madawa ba. Sai mutum ya wanke hannu, ya kunna tocila, ya duba.

Nan ne asistan ya shigo. Mutumin da ke kallon baki goma, ashirin a yini, shekara da shekaru, idonsa ya saba. Ya san bambancin dasashi mai lafiya da wanda ya fara ruɓewa, ya san kumburin da zai iya jira zuwa gobe da wanda dole a nemi moto yanzu. Irin wannan ido ba a sayensa a kanti, amma ana iya koyar da shi. Mun ga misali a Mirriya, inda ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi ja da ɗorawa da tsanwa. Da farko akwai masu cewa matar da ba ta yi lakol ba ba za ta iya ba. Ta iya, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. To in uwa ta iya karanta launin zare, me zai hana ta gane jini a dasashin ɗanta? Abin da ya rage kawai a samu mai nuna mata sau ɗaya, a kan bakin ɗan nata, ba a kan hoton bango ba.

Kuma ba sai an ƙirƙiro wani sabon taro ba, don wuraren da yara ke taruwa suna nan. Akwai ranar awo da rigakafi a CSI. Akwai CRENI da CRENAS inda ake kula da masu tamowa, waɗanda su ne noma ta fi yi wa barazana. Akwai rabon maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida da damina, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. In asistan ɗaya ya zauna da ƴan rele ashirin na wata gunduma, ya koya musu duban baki na minti ɗaya kafin su fita rabon magani, bakin yara nawa za a leƙa a damina guda? Ku yi lissafin da kanku. Ga kuma wata fa'ida: asistan mace tana shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsa, ta zauna kan tabarma da matan gida, su tambaye ta abin da ba za su tambayi namiji mai farar riga ba.

Bayan noma, akwai ciwon yau da kullum, wato ramin haƙori. Har yanzu da yawanmu mun yarda tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu nuna maka ita a cikin ƙwarya bayan sun turara maka hayaƙi. Babu wata tsutsa. Ƙananan ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori, suna cin sukarin da muka sha, suna fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori sannu a hankali. Bayan kowane shan zaƙi, miyau na buƙatar wajen rabin awa ko fiye kafin ya kashe wannan tsami. Shi ya sa yawan maimaitawa ke da illa ƙwarai. Ku dubi zaman fada: shayi na farko, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, daga la'asar har tsakar dare, haƙori bai samu hutu ba. Ku dubi ƙofar lakol lokacin rekireyasho: alawa, bombo, biskit, ruwan leda mai zaƙi. OMS na ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce wajen giram 50 a yini ga babba, kusan ƙaramin cokali 12 ke nan. Mai haɗa shayin fada ya san a wane kofi ake wuce wannan.

Ga ƴan abubuwan da asistan zai koyar cikin awa ɗaya a aji, waɗanda za su bi yaro har tsufansa. A goge haƙori sau biyu a yini, na dare ya fi muhimmanci don miyau na raguwa in ana barci. Man goge baki kamar ƙwayar wake ya ishi yaro, kuma babba ya tsaya a kansa har ya kai wajen shekara 7. Wanda ba shi da kuɗin burushi, asuwakinmu na gado yana aiki sosai in an bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, har turamen baya, ba a maƙala shi a gefen baki ana hira ba. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare ɓawon haƙori suke. Sai wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: haƙoran nono 20 ne, na manya 32, kuma turmin farko na manya yana fitowa ne a can baya wajen shekara 6, ba tare da wani haƙori ya fita ba. Sai a ɗauka shi ma na famfara ne, a bar shi ya ruɓe ana cewa ai zai sake fitowa. Ba zai sake ba. Haka nan in yaro ya faɗo daga moto haƙorin manya ya fita ɗungurungum, kada a jefar. A ɗauke shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, a saka cikin madara, a garzaya wajen likita cikin awa guda, sau da yawa ana iya mayar da shi.

A jahar Maraɗi akwai wata tambaya da dole mai wannan aiki ya shirya mata. Man goge baki na ƙunshe da sinadarin fuluwor, kuma mutanen Tibiri ba su manta da abin da fuluwor ya yi wa ƴaƴansu ba, lokacin da ruwan famfon garin ya ɗauki wannan sinadari fiye da kima daga tsakiyar shekarun 1980, haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Tsoronsu na da dalili, kada a raina shi. Abin da za a bayyana shi ne bambancin shan abu kullum a cikin ruwa da shafa ɗan kaɗan a haƙori a tofar. Iyakar da OMS ta sa wa ruwan sha miligiram 1.5 ce a lita. Ɗan abin da ke cikin man goge baki kuwa ƙarfafa ɓawon haƙori yake, har OMS ta saka irin wannan man cikin jerin muhimman magungunanta a 2021. Kuma asistan da ya shiga wani ƙauye ya tarar da yara da yawa masu tabon ruwan ƙasa a haƙori, shi ne zai fara buga ƙararrawa a auna ruwan rijiyar. Da an samu irin wannan ido da wuri a kowane gari, da an rage hawaye.

Akwai kuma wani ilimi da asistan ya fi kowa ƙwarewa a kai, shi ne tsabtace kayan aiki. Kullum shi ke wanke ƙarafa, ya busar, ya saka su cikin tukunyar tururi mai zafin digiri 121 ko 134 kafin su shiga bakin wani. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma ta jini yake bi. Awartakin da ya fita daga bakin mutum ya shiga na wani bayan an goge shi da tsumma, hanya ce buɗaɗɗiya. Ba mu ce a tafi a yi faɗa da wanzamai ba, sana'ar gado ce kuma jama'a sun yarda da su. A zauna da su, a nuna musu amfanin sabuwar reza ga kowane mutum, a kuma roƙe su abu ɗaya: yaron da aka kawo muku bakinsa na wari, kuncinsa ya kumbura, kada ku tsaga, ku tura shi likita. Wanzamin da ya yarda da wannan ya fi allon sanarwa goma.

Yanzu bari mu zo ga iyaka, don nan ne muke da tsoro. Asistan ba likita ba ne. Ranar da ya shiga ƙauye da farar riga, kowa "dokta" zai kira shi, kuma za a samu dattijon da zai riƙe masa hannu ya ce, ɗana, cire mini shi kawai in huta. Dole ya iya cewa a'a. Cire haƙori aikin wanda ya koye shi ne kuma doka ta ba shi izini. Saiwa na iya karyewa a ciki, jini na iya ƙin tsayawa, ga mai hawan jini, ga mai ciwon sukari, ga mai ciki. In muka bar aikin sa-kai ya zama ƙofar da mataimaki zai koma likitan ɓoye, to mun ƙara mai awartaki ne kawai, sai dai wannan yana da farar riga. Aikinsa ya duba, ya koyar, ya rubuta, ya tura. Ya gargaɗi jama'a kada su ɗora aspirin a kan dasashi don ƙona shi yake, kada su ɗiga ruwan batir ko esansi cikin rami. Ya gaya musu gaskiya cewa kanumfari na rage zogi amma ba ya toshe rami, tramol da sauran magungunan kashe zafi kuma rufe ciwon suke yayin da ruɓar ke ci gaba. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa, mutum ya kasa haɗiye miyau ko buɗe baki, wannan na iya toshe numfashi, ba a kwana da shi a gida.

Tsoro na biyu shi ne aikin yini ɗaya. Mun saba gani, musamman wajen 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya: a ɗaura kyalle, a raba burushi, a ɗauki hoto, a zuba a Facebook, sai baɗi. Ba mu raina niyyar ba. Amma in ka gaya wa uwa ɗanta na da ramuka uku, ba ka gaya mata inda za ta je ba, ba ka kuma dawo ka ga ko ta je ba, damuwa kawai ka ƙara mata. Gara a zaɓi lakol ɗaya, CSI ɗaya, makarantar allo ɗaya, a riƙa komawa duk wata da kaye a hannu: sunan yaro, abin da aka gani, inda aka tura shi, abin da ya biyo baya. A kuma samu likita ɗaya da ya amince a riƙa tura masa hoton baki ta WhatsApp ya ba da shawara, da izinin iyaye. Fuskar yaro maras lafiya kuma ba abin yaɗawa ba ce don neman yabo.

Tsoro na uku ya shafi su kansu mataimakan. Yawancinsu ba wani albashin kirki suke ɗauka ba. Rashin adalci ne mu ce su ba da ranar hutunsu, su kuma sayi esansi da safar hannu daga aljihunsu. Mai kilinik zai iya ba asistan ɗinsa yini ɗaya a wata ba tare da ya yanke masa ko dala ba. Ma'aikatar magajin gari za ta iya ɗaukar kuɗin moto. Ƙungiyar iyayen yara ta lakol ta tanadi ruwa da sabulu. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro daga Maraɗi a 1991, sun riga sun iya tara mata duk mako, sai a ba asistan minti ashirin cikin zamansu. Samarin fada su ɗauki nauyin shela da jera yara. Gidajen rediyon karkara su buɗe layi a yi tambaya a ba da amsa, wannan kam ya shafe mu kai tsaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ita kuma hukuma, aikin sa-kai ba ya sauke mata nauyi. Tun 2006 aka ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. In asistan ya gano yaro a matakin farko na noma, ya tura shi CSI, aka tarar babu antibiyotik a kabad, to wahalar banza aka yi. Muna kira a saka duban baki cikin awon kowane yaro, a samar da kujerar haƙori mai aiki a asibitocin gundumomi, a kuma ba mataimakan nan horo da takarda da matsayi da aka sani, yadda wanda ya ba da lokacinsa ga jama'a zai ga amfaninsa a cikin aikinsa.

Ku mataimakan likitocin haƙori da ke karanta wannan, abin da kuka sani ya fi yadda kuke zato daraja. Ku nemi majo na CSI mafi kusa da ku, ku tambaye shi ranar awo, ku fara da yara goma. Mu kuma iyaye, kada mu jira sai sun iso. Yau da dare, bayan an ci tuwo, a wanke hannu da sabulu, a kunna tocilar salula, a ɗaga leɓen yaro sama da ƙasa. In dasashi na jini, baki na wari, ko kunci ya fara tashi, gobe da sassafe sai likita. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.